Tambaya da Amsa: Me Ya Raba Rockford da Columbo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan kallon tsofaffin wasannin kwaikwayo na talabijin na Amurka masu bin diddigin laifi, sai na lura cewa 'yan sanda suna girmama Columbo, amma kullum suna hantarar Jim Rockford, alhali aikinsu iri ɗaya ne. Don Allah mene ne dalili? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin nasu ya yi kama, amma matsayinsu ba ɗaya ba ne. Columbo, wanda Peter Falk ya fito a matsayinsa, ɗan sandan ciki ne mai muƙamin laftanal a rundunar birnin Los Angeles, saboda haka yana da ikon kama mutum, kuma hukuma ce take biyansa albashi. Shi kuwa Rockford mai bincike ne mai zaman kansa, wanda ba shi da komai a hannu sai lasisi, kuma wanda ya ɗauke shi aiki shi ne yake biyansa. Idan ya tsoma baki a shari'ar da 'yan sanda suke kai, suna iya jawo a ƙwace masa wannan lasisin, shi ya sa yake tallata kansa a matsayin mai tono shari'o'in da aka riga aka rufe.

A ganina, wannan rashin iko shi ne gishirin shirin The Rockford Files, wanda tashar NBC ta nuna daga 1974 zuwa 1980. James Garner ya fito a matsayin mutumin da ya yi shekara biyar a kurkukun San Quentin kan laifin da bai aikata ba, kafin a yi masa afuwa. Yana zaune a wani tsohon gidan tirela a bakin teku a Malibu, yana cajin dala 200 a rana ban da kuɗin zirga-zirga, kuma sau da yawa kuɗin ba sa shiga hannunsa. Bindigarsa ma a cikin mazubin biskit yake ajiye ta, domin ya fi dogara da wayo da daɗin baki. Kowane kashi yana buɗewa da na'urar naɗar saƙon waya, inda za ka ji mai bin bashi ko wani mai ƙorafi yana nemansa, kuma tun daga nan mai kallo yake gane cewa wannan jarumi talaka ne irinsa. Garner ya karɓi lambar yabo ta Emmy a 1977 saboda wannan rawa, kuma ya cancance ta.

Ba dukan masu zaman kansu ne suke cikin irin wannan ƙunci ba. Thomas Magnum na Magnum, P.I., wanda CBS ta nuna daga 1980 zuwa 1988, tsohon sojan ruwa ne da ya yi yaƙin Biyetnam, yana zaune a katafaren gida a Hawai yana tuƙa jar Ferrari, sai dai gidan da motar duk na wani attajirin marubuci ne.

Tunda kana son irin waɗannan shirye-shirye, ina ba ka shawarar ka nemi Mannix, wanda aka nuna daga 1967 zuwa 1975. A zangon farko Joe Mannix yana aiki ne a wani kamfanin bincike da ya dogara da kwamfuta, daga baya ya fita ya buɗe ofishinsa, ya ɗauki sakatariya mai suna Peggy Fair, matar wani ɗan sanda da aka kashe a bakin aiki. Gail Fisher, wadda ta fito a wannan matsayi, ta ci Emmy a 1970, kuma ita ce baƙar fata mace ta farko da ta samu wannan lambar.