Zan fito a talabijin, in shafa mai in yi haske?

Tambaya: Anti, ni sabuwar mawaƙiya ce, an gayyace ni hira a wani gidan talabijin nan da mako biyu. Ni baƙa ce, kuma ƙawata ta ce kyamara ba ta ɗaukar baƙar fata da kyau, wai in sayi haɗin mai wurin wata a Instagram, kwana goma zan yi fes. Duk hankalina ya tashi. Wane kaya zan sa, kuma in shafa man?

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Maganar kaya ba ta da tsawo. Ki guji fari sol da baƙi wuluk, da yadi mai ƙananan zane a jere, don a allo rawa yake yi. Shadda mai tsananin sheƙi tana mayar da hasken fitila. Ki tambaye su launin bangon ɗakin. In koren ƙyalle ne na haɗa hoto, kada ki sa kore, sai a ga kai ba gangar jiki. Awarwaro masu ƙara ki bar su a gida, mayafi kuma ki ɗaura shi yadda ba zai riƙa gogar ƙaramar makirfo da za a maƙala miki a wuya ba.

Yanzu ga ƙawar taki. Wallahi na gaji da jin wannan magana a ɗakin kwalliya. Wa ya ce kyamara tana ƙin baƙar fata? Mai ɗauka ne yake saita haske daidai da fuskar da ke gabansa, aikinsa ke nan. Abin da yake ba shi wahala shi ne fata mai launi uku: goshi fari, kumatu ja, gefen ido da gaɓoɓin yatsu baƙi. Wannan kuwa bilicin ne yake haifar da shi, kuma kyamarar yanzu ba ta rufa wa kowa asiri. Ko hoda nawa aka lafta miki, da zarar kin ɗaga hannu kina bayani an gani.

Man da yake sauya fata cikin kwana goma, me kike zaton an zuba a ciki? Galibi sitiroyid ne mai ƙarfi irin su clobetasol, wanda likita yake rubutawa na ɗan lokaci don ciwon fata, sai a gauraya shi da hydroquinone, sinadarin da yake dusashe launin fata, wani lokacin har da sinadarin makuri. Sitiroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito, ga ƙuraje, ga nankarwa, ga rauni ba ya saurin warkewa. Hydroquinone in aka daɗe ana shafawa yana barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Makuri kuwa ƙoda yake lalatawa, kuma yana iya kai wa ga jinjiri ta nonon uwa. Ba banza NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023 ba. Amma har yau ana haɗa shi a bokiti, a zuba a roba ba suna ba lamba, a kira shi "oganik". Mai sayarwar ba ta karanci fata ba, kuma ranar da fuskarki ta kumbura kwana uku kafin hira, ba za ta ɗaga wayarki ba.

In kin riga kin fara shafawa kin daɗe, kada ki yanke rana ɗaya, fatar na iya yin bore. Ki je wurin likitan fata ya janye miki a hankali.

In ba ki fara ba, ki ci gaba da sabulu da man da jikinki ya saba da su, kada ki gwada sabon abu a makon hira. Ki samu barci. Ki tafi da hoda daidai launinki, marar ƙyalli, saboda fitilu suna sa gumi, kuma ki isa da awa ɗaya kafin lokaci don a gwada hasken a fuskarki.