Lamba ta fito a allon eskabeta: in sayi sensa ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Komatsu PC200-8 da nake bayarwa haya wajen masu fasa dutse. Kwanan nan ta yi sanyi, hannun ba ya ɗagawa da kuzari, allo kuma yana nuna DHPAMA. Bakanike ya ce sensar famfo ce ta mutu. An kawo mini farashi biyu, ta kamfani da wata mai araha da ba ta kai rabin kuɗin ba. Wacce zan saya? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna. Abin da wannan lamba ke faɗa shi ne, saƙon da ke zuwa wa kwamfutar motar daga sensar famfon gaba ba daidai yake ba. Kwamfutar ba ta ganin sensa, wutar da ta iso mata ta waya kawai take aunawa. Waya uku ke shiga irin wannan sensa: ɗaya ta kawo volt 5, ɗaya nagatif, ta ukun ta mayar da saƙo, daga kusan volt 0.5 idan babu matsin mai zuwa 4.5 idan ya kai ƙololuwa. To wayar da ɓera ya ci, ko wadda ta goge a jikin ƙarfe saboda jijjiga, ko soket ɗin da ƙurar dutse da danshi suka cika har ƙafafunsa suka yi kore, duk lamba ɗaya za su fitar da ta matacciyar sensa.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Motarka famfo biyu gare ta, na gaba da na baya, kuma sensocinsu iri ɗaya ne. A musanya su. Idan lambar ta koma DHPBMA, wato ta famfon baya, laifin ya bi sensar, sai ka saya hankali kwance. Idan ta tsaya yadda take, sensarka lafiyarta ƙalau, a kira mai rewaya ya bi waya da mita. Kuma ya riƙa girgiza wayar yana kallon mitar, don yawanci karayar a cikin roba take, ido ba ya kama ta.

Kafin a sa sifana, a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a mayar da makulli kan wuta a kaɗa libobin don matsin da ya rage ya fita, sannan a sassauta murfin tankin mai a hankali. Kada wani yaro ya nemi yoyo da tafin hannu. Man da ke fita da irin wannan ƙarfi yana huda fata, ramin ɗan mitsitsi ne amma aikin tiyata ne na gaggawa.

Sanyin da ka ambata kuwa, ba lallai sensar ce ta jawo shi ba. A ɗaura geji na gaske a kan famfon, a tura hannun har ƙurewa. Mota mai tan 20 irin taka ya kamata ta nuna wajen bar 350, layin libobi kuma tsakanin 30 da 40. In geji ya nuna ƙasa da haka sosai, akwai wata matsala a famfo ko bawul ko filta, kuma sabuwar sensa ba za ta ƙara mata ƙarfi ba.

Idan saye ya tabbata, ni ta kamfani zan ce ka ɗauka. Araha ba ta ado. Jabun sensa za ta ɗauru daidai, lambar ma ta ɓace, amma awonta yana iya karkacewa, sai kwamfuta ta riƙa aiki da ƙarya alhali allo fes yake. Wannan ya fi lamba wahalar ganowa. In aljihu bai kai ba, gara orijina da aka ciro daga wata mota, ko a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna, da sharaɗin lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta taka, kuma a yi da mai kaya cewa in ba ta yi ba za ka dawo da ita.

Tambaya: Eskabetata Caterpillar (Cat) 320D ta fitar da lambobi kusan biyar a lokaci guda bayan an wanke ta. An ce in sayi sabuwar kwamfuta. (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Malam, wanda ya ce maka haka ya fara ne da abin da ya fi komai tsada, kuma ba kasafai yake lalacewa ba. Sensa biyar ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya. Sau da yawa layin wuta ɗaya suke sha, idan ruwa ya shiga soket guda ya haɗe wuta, duk sai su yi ƙara tare.

Dubi ƙarshen kowace lamba, wajen da aka rubuta FMI, wato lambar da ke nuna irin matsalar. Lamba 3 na nufin wutar saƙo ta haura yadda ya kamata, 4 ta faɗi ƙasa, 5 waya ta yanke, 2 kuma saƙon yana zuwa yana ɗaukewa. A fara da batir: motar volt 24 take aiki da shi, in inji na gudu a ga 27 zuwa 28. A kwance wayar nagatif da ke ɗaure a jikin ƙarfe, a kankare tsatsa, a ɗaure tamau. Daga nan a cire soket ɗin sensocin ɗaya bayan ɗaya ana kallon allo. Wanda aka cire sauran lambobin suka ɓace, shi ne mai laifin. A busar da shi da iska, a duba robar da ke hana ruwa shiga.

Abu ɗaya mai rewaya zai kiyaye: wasu sensocin Caterpillar bugun wuta suke aikawa, ba awon volt kai tsaye ba, don haka yana bukatar mitar da ke karanta irin wannan saƙo, in ba haka ba zai yanke wa lafiyayyiyar sensa hukunci. Sai an gama duk wannan ake zargin kwamfuta. Amma ka tambayi yaranka ko an yi walda a jikin motar ba tare da an cire batir ba. In an yi, zargin ya samu gindin zama. Masu wanki kuma a hana su harba ruwa kan soket da akwatin wuta.

Tambaya: Zan sayi eskabeta tokumbo a Legas. Allonta ba ya nuna wata matsala. Hakan ya isa? (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Bai isa ba, Alhaji, domin goge lamba abu ne na minti kaɗan. Ka je da naka bakaniken, ba na dillali ba. Ya shiga ɓangaren makanikai na allon ya duba tsofaffin lambobin da motar ta ajiye da awannin da suka fito. In Caterpillar ce, a biya mai kwamfutar Cat ET, wato manhajar binciken motocin kamfanin, ya jona, kuɗin bai kai na famfo ba. Motar da ta yi dubban awanni amma tarihinta wayam, mai yiwuwa an share shi ne.

A buɗe ƙofar famfo a leƙa. Salatif baƙi da aka naɗe wayoyi da shi, soket da ke lilo ba a jone da komai ba, ko waya biyu da aka murɗe wuri guda, alama ce an rufe wa kwamfuta baki. Sannan kada ka yarda da gwajin minti goma da sanyin safiya. A haƙa da ita na awa guda har mai ya yi zafi, a ɗaga hannu da cikakken bokiti ana juyawa, a tuƙa ta a ga ko tana karkata gefe ɗaya. Famfon da ya gaji sai mai ya tsinke yake nuna kansa, a lokacin ne za a ɗaura geji, kuma da abin da ya nuna za ka yi ciniki.