Tambayi Kawu Injiniya: Wai kemikal injiniyarin ɗin nan sabulu ake koyo ko me?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce na gama SS3 bana, kuma tun SS1 kemistiri ne darasin da na fi so. Kwanaki na ga wani kwas a wata jami'ar waje wai injiniyancin sinadarai da halittu, suna maida hankali kan ƙera sabbin kayan zamani irin su batiri da roba mai ƙarfin ƙarfe da abubuwan da ake sakawa a jikin mutum a asibiti, wallahi tun ranar abin ya shiga raina ya ƙi fita. Amma Baba ya ce shi likitanci yake so, Yayana kuma dariya yake ta min wai zan shekara biyar a jami'a in fito ina haɗa sabulun ruwa da man shafawa. Dan Allah ana yin irin karatun nan a Najeriya? Akwai aiki? Kuma mace za ta iya? Daga 'yarka H., Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Ki gaida min Yayan naki ki ce masa ba shi ya fara ba, ni ma har na gama karatun nan kakata Allah ya jiƙanta "mai haɗa magani" take ce min, duk wanda ciwon ciki ya kama a gidan ni ake turo wa. Kuma shi sabulun ma ai ba abin rainawa ba ne, ya je Sabon Gari ya ga kuɗin da ke yawo a layin masu kemikal.

Amma bari in fara da abin da zai iya ɓata miki rai. Son kemistiri kaɗai ba ya isa, don wannan karatun rabinsa ko fiye lissafi ne da fiziks. Mai kemistiri shi ne zai gano a ɗan kwalba cewa in an haɗa wannan da wancan ga abin da zai fito, shi kuma injiniya aikinsa ya fitar da tan dubu na abin a rana ba tare da tanki ya fashe ba ko kamfani ya karye. Kin san dai dafa wa mutum biyar shinkafa a gida daban, dafa ta biki a tukunyar nan mai lamba talatin daban, ƙasa ta kama sama bai nuna ba, sai an san yawan wuta da yadda za a juya da lokacin saukewa. To wannan ɗin shi ne kemikal injiniyarin a taƙaice, yadda zafi ke ratsa abu, yadda ruwa da iska ke gudu a bututu, yadda ake raba abu biyu da suka cakuɗe. A aji biyu za ki haɗu da wani darasi da duk ya ginu kan cewa abin da ya shiga inji dole a san inda ya fita ko inda ya taru, da jin sa kamar wasa, amma nan ne na ga zaratan da suka ci kemistiri A1 suna zufa. In ke da lissafi kuna gaisawa lafiya lau toh bismillah, in kuma dama haƙuri kike da shi ki sake tunani tun yanzu, kemistiri zalla ko bayokemistiri ko harhaɗa magunguna duk suna nan.

Ɓangaren halittun kuwa ba sai kin je Turai ba, ki sa Yayan naki ya raka ki marinar Ƙofar Mata wadda ake cewa tun 1498 take. Ki tsaya bakin rami ɗaya ki kalla da kyau. Ganyen baba, wato shukar rini, da toka da ruwa ake zubawa a bar su su yi kwanaki suna ruɓa, ana juyawa da doguwar sanda kumfa na tasowa, ga warin nan da ba ya ɓuya. Shi launin baba a yadda yake ba ya narkewa a ruwa, ƙananan ƙwayoyin halitta da ke rayuwa a cikin ramin su ne suke juya shi ya narke har ya iya shiga zare, toka kuma ita ke ba ruwan kaifin da ƙwayoyin ke so. Shi ya sa in marini ya ɗago zane za ki ga ya fito kore-kore, yana shan iska a gaban idonki sai ya rikiɗe ya koma shuɗi, iskar ce ta mayar da launin yadda yake ya maƙale a zaren. Dattijon nan da hannunsa ya rine har gwiwar hannu, in ya sunsuna ramin ya ce yau bai tashi ba, aikin da muke yi da mita da kwamfuta ne yake yi da hanci. Irin wannan rami, in aka maida shi tankin ƙarfe mai tsafta ana auna zafinsa da iskarsa, shi ne ake kiwon ƙwayoyin da ke samar da insulin ɗin masu ciwon suga, irin wannan insulin na ƙwayoyi a 1982 aka fara amincewa da shi. Daddawar da ke miyarku ma ƙwayoyin bakteriya ne suka yi aikin.

Yanzu ga wanda ya tafi da hankalinki, sabbin kayan ƙira, 'yan makaranta matiriyals suke ce masa. Maganar duk ita ce yadda ƙwayoyin abu suka jeru a ciki shi ke sa ya yi tauri ko laushi ko ya ɗauki wuta. Bakin fensirinki da lu'ulu'un daimon duk kabon ne, jeri ne kawai ya bambanta. A 2004 wasu malamai biyu a Jami'ar Manchesta ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov, da salatif suka yi ta ɓare irin baƙin fensirin nan har suka samu falle mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, shi ne girafin, a 2010 aka ba su kyautar Nobel. Salatif fa, na naɗe kwali. Batirin wayarki kuma na litiyam kamfanin Sony ya fara sayar da irinsa a 1991, mutum uku da suka yi aikin suka karɓi Nobel a 2019, kuma yanzu duk mai sola a Kano ya san bambancin batirin litiyam da tsohon nan mai ruwa da ake ta ƙara masa ruwan batir, bambancin nan ba wani sihiri ba ne, kayan da aka yi farantan cikin batirin da su ne.

Ni abin da ya fi ci min rai ma namu na gida. Ki bi hanyar Kura ki ga tsibin ƙaiƙayin shinkafa a bayan injina ana rasa yadda za a yi da shi, alhali in aka ƙona shi da wuta mai ƙa'ida tokarsa kusan duk silika ce, wato sinadarin nan da ke cikin yashi, ana saka ta a siminti ta ƙara masa ƙarko. Farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina masu bincike sun daɗe suna juya ta zuwa ziyolait, dangin abin da matatar mai ke amfani da shi wajen fasa mai nauyi ya zama fetur. Ga bagaruwa da majemanmu ke jima da ita tun kaka da kakanni, ga ƙaro daga Jigawa da Yobe da Barno da muke sayarwa ɗanye a buhu wasu su tace su saka a lemo da magani su dawo mana da shi da tsada, ga ƙwayar zogale da ke kwantar da dattin ruwa. Kaya kam Allah ya ba mu.

Ana yi a Najeriya? Da wannan dogon sunan da kika gani a haɗe, ki bar neman sa, a nan a rarrabe yake. BUK tana da sashen injiniyancin sinadarai da man fetur, ABU Zariya tana da na sinadarai, tana da na ƙarafa da matiriyals daban, tana da na roba da saƙa daban. Shawarata ki yi kemikal ɗin gaba ɗayansa tukuna, shi ne uwa, sai ki karkata zuwa matiriyals a firojet ɗinki na aji biyar sannan ki zurfafa a mastas. Wanda ya ƙuntata kansa tun digirin farko in kasuwar ba ta buɗe ba sai ya rasa inda zai juya.

Ga wani abu da ya kamata ku sani ke da Baba kafin a sayi fom. A JAMB injiniyarin Turanci ne da lissafi da fiziks da kemistiri, likitanci kuma Turanci da bayoloji da fiziks da kemistiri, kin ga ba a jifan tsuntsu biyun da dutse ɗaya, dole a zaɓa tun wajen rajista. Karatun shekara biyar ne, a aji huɗu za ki fita wata shida koyon aiki a masana'anta wato SIWES, kuma dan Allah kar ki yi irin ta 'yan yanzu da ke neman ofis mai AC a sa musu hannu a littafi. Ki nemi kamfanin roba a Sharaɗa ko na fata a Chalawa ko Bompai, ko cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT da ke Basawa ko ta fata NILEST da ke Samaru a Zariya, inda hannunki zai yi datti.

Ba zan ɓoye miki ba akwai wahala. Lokacin nawa firojet ɗin, samfurina yana buƙatar awa shida a tanda mai zafi ba yankewa, sau uku ana ɗauke wuta a tsakiya ina sake sabon lale, na huɗun da kuɗin aljihunmu muka haɗa muka sayi dizal. Da na gama kuma injin da zai duba min jerin ƙwayoyin cikinsa babu mai aiki a kusa, sai da na ƙulle garin a 'yar leda na ba direba a tasha ya kai wani gari, na zauna jiran sakamako sati biyar ina addu'a kar a ɗauka wani abin ne a hanya.

Aiki kuwa akwai, amma ba a tire ake kawo shi ba. Matatar Ɗangote ta Lekki mai ganga 650,000 a rana da kamfanin takinsa, siminti a Obajana da Sakkwato da Ashaka, kamfanonin abinci da lemo da fenti, gidan ruwa, NAFDAC da hukumar kula da ingancin kaya ta SON, duk 'yan kemikal suke ɗauka. Amma shi matiriyals na zamani zalla irin su batiri da kayan sakawa a jiki, gaskiya a ƙasar nan yawancinsa a bincike da koyarwa yake, masana'antunsa ba su yi yawa ba tukuna, don haka ki sa mastas a lissafinki tun yanzu. Jami'ar kimiyya da fasaha ta AUST da ke Abuja tana yin mastas a fannin, ga sikolashif na asusun bunƙasa fasahar man fetur wato PTDF, ga jami'ar KAUST a Saudiyya, duk kuma sakamako mai kyau suke kallo, wasa a aji ɗaya da biyu shi ke kashe mutane. Cikin 'yan ajinmu akwai na banki akwai mai shago a Kwari, wannan ma gaskiya ce.

Mace za ta iya mana, wacce ta fi mu maki a ajinmu mace ce. Abin lura kawai a masana'anta akwai aikin dare a wasu wuraren, kuma kusa da inji mai juyawa ba a shiga da hijabi mai jan ƙasa, ƙarami ake sawa a cusa shi cikin rigar aiki a ɗora hular kwano, wannan maganar rai ce ba ta ado ba.

Shi kuma Baba kar ki ja da shi, ba ƙin ki yake ba, likita ya gani da idonsa injiniyan sinadarai kuwa bai taɓa gani ba. Ki bi ta wajen Mama ko wani baffanki da yake jin maganarsa, ki kai masa shafin nan ya karanta, ki yi istihara. In ya tsaya kan likitancin kuma kina da makin, ƙarfen da ake sa wa mai karaya da bawul ɗin zuciya na roba ai likitoci ne ke aiki da su.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ina da ɗan injin niƙa roba a Dakata, muna narkar da ledar fiya wata da gorunan ruwa muna sayar wa masu yin bokiti, amma suna ta dawo min da kaya wai yana karyewa. Ina matsalar take? Daga M., Dakata.

AMSA: Malam M. sannu da ƙoƙari, ai a tambayarka amsar take, haɗa su da kake yi ne. Ledar fiya wata tana narkewa a wajen digiri 110, ita kuwa gorar ruwa sai wajen 250, kuma ko sun narke ba sa haɗuwa, kamar mai da ruwa ne, sai gutsattsarin gorar su zauna a cikin bokitin nan ne yake tsagewa. Ka duba gindin kaya za ka ga lamba a cikin 'yar alama mai kusurwa uku, 1 gora ce, 2 jarka, 4 leda, 5 ita ce ta yawancin bokiti da kujera, kowacce buhunta daban, har murfin gorar ma a cire don shi ba 1 ba ne. In an riga an niƙa, zuba a durom ɗin ruwa, na gora zai nutse sauran su taso ka kwashe. Sannan ka shanya su bushe ƙarau kafin su shiga inji, danshi ma yana sa kumfa a cikin robar ta yi rauni.