Amsa ga ɗalibin Jos mai son fita karatun fashewar taurari

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digirin fiziks a Jami'ar Jos, kana son fita waje yin digiri na biyu a kan noba da sufanoba, kana tambaya ko fasfo za ka fara nema ko jarrabawar Turanci. Duka biyun lokacinsu zai zo. Malamin da zai ɗauke ka a nan ƙasar waje abin da zai fara dubawa shi ne ko ka taɓa auna hasken tauraro da kanka, kuma wannan ba sai ka bar Jos ba.

Noba tana faruwa ne idan farin wada, wato gawar tauraro, ya yi ta zuƙar haidurojin daga abokin zagayensa har ya taru a bayansa ya kama da wuta. Farin wadan bai tarwatse ba, yana iya sakewa: T Coronae Borealis ya yi a 1866 da 1946, RS Ophiuchi a 2006 da 2021. Sufanoba kuwa ƙarshen tauraron ke nan.

Ma'aunin haske, magnitud, a juye yake: ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa, kuma tazarar 5 ninki 100 ce. Ka sauke taswira daga AAVSO, ƙungiyar masu lura da taurarin da haskensu ke sauyawa, akwai taurarin kwatance da aka riga aka san haskensu. Ka ɗauki hoto da filtar V, gilashin da ke barin hasken kore zuwa rawaya kawai ya wuce, ka gwada tauraronka da na kwatancen a cikin hoto ɗaya. Inda sababbi ke faɗuwa shi ne barin kyamara a buɗe har tauraron ya cika ta ya tumbatsa. Daga nan lambar da za ka samu ƙarya ce, ko da hoton ya yi kyau a ido. Kada ka tsallake hotunan duhu, waɗanda ake ɗauka da murfi a rufe, a tsawon lokaci da zafi iri ɗaya da na ainihin hoton, da hotunan farin fili masu cire tabon ƙura. Kada ka sauya tauraron kwatance a tsakiyar aiki. Lokaci kuma ka rubuta shi da agogon duniya, wato ka cire awa ɗaya daga agogon Najeriya.

Jos ta yi maka gata: tudu ne mai tsayin kusan mita 1,200, kusa da digiri 10 arewa, don haka kana ganin samaniyar arewa da mafi yawan ta kudu. Sai dai damina gajimare, hunturu hazo. Hazon ba ya hana aiki, tunda yana dusashe taurarin biyu tare, amma ya fi cin shuɗin haske, saboda haka ka zaɓi na kwatance mai launi kusa da naka, kuma ka jira tauraron ya haura digiri 30 daga ƙasa.

Bakan haske, wato hasken tauraro da aka rarraba launi-launi kamar bakan gizo, shi ne inda labarin yake. Akwai ɗan gilashi mai suna Star Analyser 100, mai layuka 100 a kowace milimita, ana ɗaura shi kamar filta. Ka fara da tauraron Vega ko Sirius don ka daidaita ma'auni da layukan haidurojin, ɗaya a angistirom 4861, ɗaya a 6563 (angistirom ma'aunin tsawon zangon haske ne). Ka saita fokas a kan bakan, ba a kan ɗigon tauraron ba, ka kuma juya gilashin kada bakan ya hau kan wani tauraro. Ramin, wato gurbi mai duhu a bakan, da za ka gani wajen 7600 na iskar oksijin ɗin duniyarmu ne, kada ka jingina wa tauraro. A noba, layin 6563 zai tashi tsaye, mai faɗi. Idan ramin da ke gefensa ya matsa angistirom 44 zuwa ɓangaren shuɗi, ka raba 44 da 6563 ka ninka da gudun haske, ka samu kusan kilomita 2,000 a daƙiƙa. A sufanoba, ganin haidurojin na nufin nau'i na II. Rashinsa tare da ramin silikon wajen 6150 nau'in Ia ne.

Yawancin sufanoba sun yi wa ƙaramin madubin hangen nesa dishi-dishi. Irin SN 2023ixf da Koichi Itagaki ya gano a gungun taurarin M101 a watan Mayun 2023, wadda ta kai magnitud 11, ba kullum ake samu ba. Shi ya sa nake so ka riƙe Python, harshen rubuta manhaja, da Astropy, kayan aikinsa na ilimin taurari, da gaske, domin ko a nan aikin yawanci a gaban kwamfuta yake. Bayanan ZTF, shirin da ke ɗaukar hoton samaniya a kai a kai don gano abin da ya sauya, a buɗe suke ga kowa. Ka zaɓi Ia guda ɗaya a Transient Name Server, shafin da ake rajistar sababbin sufanoba, ka zana yadda haskenta ya hau ya sauka, ka auna nawa ya ragu cikin kwana 15 bayan ƙololuwa, ka bayyana jelar zanen, wato yadda hasken ke ci gaba da raguwa a hankali, da ruɓewar nikel-56 mai rabin rai (lokacin da rabinsa ke ruɓewa) na kwana 6 da kobal-56 mai kwana 77.

Ka rubuta wannan a shafi biyu, da kuskuren kowane awo a gefensa, ka haɗa da takardar neman gurbi. Kuma kada idonka ya tsaya a Ingila da Amurka kawai. Ka duba NASSP, shirin karatun ilimin taurari da sararin samaniya na Afirka ta Kudu, ƙasar da ke da babban madubin SALT a Sutherland.