Amsa kan fom ɗin tantance haɗari a injin shinkafa (an kwafo daga saƙon murya)

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce kamfanin da zai riƙa sayen shinkafarku ya nemi takardar tantance haɗarin wurin aiki, kana da ma'aikata wajen ashirin a injin casa, a turo maka fom ka cike, a kuma faɗa maka yadda ake lissafin makin haɗari. To, fom ba shi ne matsalarka ba. Layi biyar ne, ko a bayan kwali za ka zana: mene ne zai iya cutarwa, wa zai cutu, yaya girman abin yake, me za a yi, wa zai yi kuma yaushe. Shi ke nan. Abin da za a zuba a ciki shi ne aikin, kuma ba a ofis ake samo shi ba.

Ka ɗauki littafi ka bi shinkafar da ƙafarka, daga inda mota ke sauke shanshera har inda ake ɗinke buhu. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka ja ofareta da shugaban 'yan dako, don su suka san inda injin ke cushewa da abin da suke yi in ya cushe. Kuma ka zagaya sau biyu, da rana ana tsaka da aiki, sannan da dare. Wurin da ka gani ƙarfe goma na safe ba shi ne na ƙarfe biyun dare ba, lokacin da ƙwan fitila ɗaya ya mutu, ofareta yana gyangyaɗi.

Tambayar da za ka riƙa yi musu ba "akwai haɗari a nan?" ba ce, don za su ce maka lafiya lau, Alhaji. Ka ce, "ran da abin nan ya tsaya, ya kuke yi?" Nan za ka ji magana.

Bari in ba ka wanda ya fi damuna, don kusan kowane ƙaramin inji yana da shi. Ana cikin casa NEPA ta ɗauke wuta. Injin ya tsaya da shinkafa a cikinsa. Yaro ya buɗe murfi ya zura hannu yana kwashewa, ko yana mayar da bel kan fuli, tunda a ganinsa ai babu wuta. Sai a kawo wuta, ko wani can baya ya tada janareta ya juya canji bai leƙo ba. Moto ya tashi da hannun yaro a ciki. Me ya jawo? An haɗa moton kai tsaye da makunni irin na wuƙa, wanda in ka bar shi a kunne, a kunne yake har wuta ta dawo. Maganinsa sitata, wato akwatin tada moto mai maɓalli kore da ja, mai kwantakta a ciki, wato makunnin da wuta ce ke riƙe shi a kunne. Da wuta ta ɗauke kwantakta ta saki, ko an dawo da wuta moto ba zai tashi ba sai mutum ya zo ya danna kore da hannunsa. Kuɗinta bai kai na jinyar yatsa ɗaya ba. Amma ka duba da kyau, don masu gyara suna da wata ɗabi'a: in kwal ɗin kwantakta ya ƙone, maimakon a sayo sabo sai a cusa tsinke ko guntun katako a danne ta. To an mayar da ita makunnin wuƙa ke nan, sunan sitata kawai ya rage. Ka buɗe akwatin ka gani da idonka, a kashe wuta tukuna.

Kuma ko da sitata, duk wanda zai sa hannu a inji ya kashe babban makunni ya sa kwaɗo, makullin yana aljihunsa. Ba a aljihun manaja ba, aljihun mai hannun. In mutum biyu ne ke gyara, kwaɗo biyu. Sannan ya danna kore ya tabbatar bai tashi ba kafin ya taɓa. Kwali da aka rubuta "kada a kunna" ba ya hana komai, rabin 'yan dako ba za su tsaya karantawa ba.

Sai murfin bel. An cire don a canza bel, an jingine a bango, shekara guda yana nan har an fara shanya riga a kai. Mu kuma kayanmu masu yalwa ne, hannun riga, rawani, mayafin matan da ke shara da tsince. Shaf mai juyawa ko santsi gare shi yana naɗe tufa, balle wanda kan kusa ya leƙo. Murfin ya zama na raga mai ƙananan ido da yatsa ba zai shiga ba, a ɗaure da noti, ba da waya ba.

Na yi nisa. Lissafin maki ka tambaya ko? Kowane haɗari ka ba shi maki biyu, daga 1 zuwa 5. Na farko, yiwuwar ya faru: 1 da wuya, 5 kusan kullum ana dab da shi. Na biyu, munin abin in ya faru: 1 ƙujewa, 3 karaya ko ɗinki da zai hana aiki, 5 mutuwa ko nakasa ta har abada. Ka ninka. Moton da na faɗa, yiwuwa 4, muni 5, ya ba ka 20. Abin da ya kai 15 zuwa 25 ba a ci gaba da aiki a haka, a gyara yau. Daga 8 zuwa 12 ka sa rana da sunan wanda zai gyara. Ƙasa da haka a sa ido. Wasu kamfanoni suna yanka iyakar a wani wurin daban, in mai sayenku yana da nasa tsarin ka bi nasa. Abin da ba na so shi ne a fara zaɓen amsa sannan a nemo lambobi, a rubuta 2 sau 2 don takarda ta nuna kamar babu haɗari.

Wajen "wa zai cutu" kada ka tsaya kan masu albashi. Akwai direban da ya kawo kaya, almajiran da ke shigowa kwasar ɓuntu, mai abinci, maigadi, maƙwabta. Ku tuna Zamfara a 2010, ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum: manya ke niƙa dutsen zinariya a cikin gida, amma yara ɗaruruwa ne gubar dalma ta kashe, su da ba su taɓa inji ba. Maigadi ma, wannan ka ja masa layi. In kuna sa ƙwayar Phostoxin a sito saboda ƙwari, tana haɗuwa da laimar iska ta saki gas mai kisa, kuma yana bi ta tsagar bango. Kada kowa ya kwana a siton ko ɗakin da ke manne da shi har a buɗe ya sha iska. Haka janareta: iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. A waje ake ajiye shi, bututun hayaƙi ya kalli nesa da taga.

Yanzu layin "me za a yi". Nan ne raina ke ɓaci. Duk takardar da aka kwafo daga intanet, amsa ɗaya ce daga sama har ƙasa: a sa safar hannu, a sa hular kwano, a yi hankali. Kayan kariya su ne na ƙarshe a jeri. Farko ka tambaya, za a iya kawar da abin gaba ɗaya? In a'a, za a iya musanya shi da mai sauƙi? Sai gyaran inji, irin murfi da sitata da fankar zuƙe ƙura. Sai tsarin aiki, horo da karɓa-karɓa. Sannan kayan sawa. Safar hannu ma kusa da abin da ke juyawa ƙarin haɗari ce, ita ke fara kamawa ta ja hannun.

Ɗauki buhun shanshera mai kilo 100. Ba bel ɗin ɗaure ƙugu zai ceci bayan ɗan dako ba. Ma'aunin da hukumar lafiyar aiki ta Ingila ke bayarwa ga namiji kilo 25 ne, shi ma in kayan na manne da jiki daidai ƙugu. Na san ba za ka mayar da buhu 25 gobe ba. Amma kura ko baro, da dakali daidai tsayin bayan mota, da hana jera buhu ya wuce inda hannu ke kaiwa ba tare da an taka wani buhun ba, wannan kana iyawa.

Ƙarar inji kuma, da desibel ake auna ƙarfinta, iyakarta desibel 85 na awa 8. Duk ƙarin 3, lokacin ya ragu da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2. In ba ka da na'urar awo, ka tsaya mita biyu da mutum, in sai ka ɗaga murya zai ji ka, kun kai iyakar. Abin toshe kunne, ba auduga ba. Ƙura kuma takunkumin N95, ba na yadi irin na lokacin korona ba. Kuma ƙurar ɓuntu da ta taru kan moto da wayoyi ita ce gobararku. A share kullum, kada a hura da iskar kwamfaresa, tashi take ta cika ɗaki.

Af, na manta ban tambaye ka ba, kuna turara shinkafa? In kuna da tukunyar tururi, ita ce ta ɗaya, ta ma riga moto. Bawul ɗin da ke sakin tururi in ya yi yawa, kada a ɗaure shi don wai yana yoyo. Agogon awon matsi ya zama mai aiki, gilashin ganin ruwa a wanke. Tukunyar da ruwa ya ƙafe ta yi ja, aka ɗura mata ruwan sanyi, fashewa take. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta wanda aka ba izini ya riƙa duba ta, ka nemi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiharku.

Ƙofa kuma kada a kulle ta da mutane a ciki don tsoron satar shinkafa. Gobarar kamfanin roba ta Ikorodu a 2002, abin da ya yawaita mutuwa ke nan, ma'aikatan dare a kulle. Ka sa mai tsaro a ƙofar, ka cire kwaɗon.

Takardar in ka gama ka sa kwanan wata da hannu, ka karanta wa ma'aikata da Hausa, kowa ya ji nasa. A sake dubawa duk shekara, ko ran da aka kawo sabon inji, ko aka ji rauni, ko aka tsallake rijiya da baya. Su mai sayen za su iya tambayarka rajistar NSITF, wato asusun gwamnati mai biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, kuɗin da za ka riƙa zubawa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ne a dokar 2010, kuma in an ji rauni kwana 7 gare ka ka kai rahoto. In sun ambaci ISO 45001, wato ƙa'idar duniya ta kula da lafiya da tsaron ma'aikata, wannan wani dogon zance ne, ka fara tambayarsu ko satifiket suke so ko takardar tantancewa kawai.

Ka ɗauko hoton akwatin wutarku a buɗe, da bayan injin ta wajen bel, ka turo nan. Injiniya na cikin gurup, shi ma ya duba kwantaktar.