Ruwan majema ya ɓata min rijiya da lambu: wa zai biya ni?

Tambaya: Barista, ina da lambu da rijiya a gefen Sharada, nan Kano, gadon mahaifina ne. Shekara biyu ke nan wata masana'antar jima tana sako dagwalonta cikin lambatun da ya bi ta bayan lambun, galibi da daddare. Ruwan rijiyar ya canza launi yana wari, latas da albasa sun ƙone, yarana biyu suna fama da ƙuraje. Na ji an ce akwai dokar ɗaurin rai da rai ga mai zubar da guba. So nake 'yan sanda su kama mai kamfanin, a rufe wurin, a biya ni daga cikin tarar. Matasan unguwa ma sun ce za su toshe lambatun da ƙofar kamfanin. Me doka ta ce?

Amsa: Malam, Allah ya ba yaran lafiya, ya mayar da alheri. Abin da zan faɗa ya dogara ne kan bayaninka kaɗai, ban ga wurin ba, ban kuma ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba.

Da farko ka dakatar da matasan nan. Ranar da suka toshe ƙofar kamfani ko suka fasa wani abu, kai da aka cuta kai za ka koma wanda ake tuhuma da tayar da hankali da ɓarna, kuma lauyan kamfanin ba abin da yake jira sai wannan. Toshe lambatun kuwa gidajen maƙwabta zai mayar da dagwalon.

Dokar da ka ji labarinta gaskiya ce. An yi ta a 1988, bayan da aka gano dubban durom-durom na shara mai guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu. Ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya ɗauko, ya jibge ko ya zubar da irin wannan shara ba bisa izini ba. Sai dai ba kowane ƙazamin ruwa take nufi ba. Sai an tabbatar cewa abin da aka zubar, a yawan da aka zubar da shi, zai iya kisa ko jawo lahanin da ba ya warkewa. Dagwalon majema yana iya kaiwa nan, yana iya kasa kaiwa, gwaji ne zai nuna. Sannan shari'ar laifi ce, hukuma ce ke gurfanarwa a Babbar Kotun Tarayya, kai iyakarka ka kai ƙorafi ka ba da shaida.

A nan ne kuma lissafinka ya kuskure. Tara ba diyya ba ce. Ko da an ci kamfanin tara gobe, kuɗin asusun gwamnati za su shiga, ko sisi ba zai zo hannunka ba. Haka idan an rufe masana'antar, rijiyarka tana nan yadda take, kuma kamfanin da ya daina aiki ya fi wuyar tatsar kuɗi. Mutane da yawa suna kashe shekara suna zarya ofishin 'yan sanda, suna zaton kama mutum shi ne biyan hakki, har lokacin da doka ta ba su na shigar da ƙarar diyya ya soma ƙurewa.

Wasu za su ce maka tsarin mulki ya ba ka haƙƙin muhalli mai tsafta. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya ce ba a kai ƙara kai tsaye a kansa. Kotuna sun ɗan sassauta, musamman a shari'ar Gbemre da kamfanin mai na Shell kan ƙona iskar gas a 2005, da hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 da ya buɗe wa ƙungiyoyi ƙofar kai ƙara kan gurɓata muhalli. Duk da haka ban ga dalilin da mai lambu ɗaya zai ɗora ƙararsa a kan wannan doguwar hanya ba.

Hanyarka ta diyya ita ce ƙarar farar hula, kuma a ganina Babbar Kotun Jiha ce ta dace, ko da yake sai lauyanka ya duba waɗanda za a sa a ƙarar kafin ya yanke. Za ka iya tsayawa kan cewa an takura maka a mallakinka, ko an yi sakaci, ko kuma kan tsohuwar ƙa'idar da muka gada daga Ingila tun 1868: wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa ya kufce ya yi wa maƙwabci ɓarna, shi zai ɗauki asarar ko da ya ce ya yi taka-tsantsan. Ita ma dokar 1988 ta ce wanda ya zubar da gubar zai biya ɓarnar da ta yi, amma ta cire biyan wanda ɓarnar ta shafa idan laifin nasa ne gaba ɗaya, ko kuma ya san haɗarin ya yarda da shi.

Wannan togaciyar ta shafe ka, don haka ka faɗa wa lauyanka gaskiya: ka taɓa sa injin ban ruwa a lambatun nan? Sananne ne cewa masu lambu da dama a gaɓar rafukan Jakara da Getsi da Salanta da ruwan kwata suke ban ruwa lokacin rani. Idan kai ma ka yi, kamfanin zai ce da hannunka ka ja gubar zuwa kan albasarka. Wannan ba lalle ya kashe maganar rijiya ba, tunda ta ƙarƙashin ƙasa ruwan ya shige ta, amma zai iya raunana maganar amfanin gona.

Babbar matsalar ita ce hujja. Sharada da Chalawa da Bompai masana'antu ne birjik, kuma sau da yawa lambatu ɗaya suke zuba wa. Abin da za su fara cewa shi ne ba ruwansu ba ne, na maƙwabcinsu ne, ko masai ne ya yoyo cikin rijiyar. Ka san su ne, unguwa ta sani, amma alƙali ba ya hukunci da zato. Dole a ɗebi ruwan rijiyar, da ƙasar lambun, da ruwan lambatun a wuri uku: sama da bakin bututun kamfanin, daidai bakinsa, da ƙasa da shi. Kada ka cika jarka da kanka ka kai, za a ce ba a san inda ka ɗebo ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji da hukuma ta amince da shi ya zo ya ɗiba, ya rufe, ya rubuta rana da lokaci, ya kasance a shirye yake ya tsaya gaban kotu. Sinadarin kuromiyom ne za a fi nema, domin da shi ake jimar zamani, kuma ba abu ne da masai ke fitarwa ba. Yaran kuma a kai su asibiti a buɗe musu kati, likita ya rubuta abin da ya gani. Ba na son in ba ka fata mai yawa a nan, domin danganta ƙuraje da ruwan wani kamfani yana da wuya fiye da danganta rijiya da shi.

Asarar ma sai an ƙididdige ta. Kotu ba ta karɓar "na yi asara mai yawa". Kwando nawa kake kaiwa kasuwar 'Yankaba a da, nawa kake kaiwa yanzu, nawa ka kashe a iri da taki, nawa kake ba mai garuwa kullum tunda rijiyar ta lalace. Dillalin da kake sayar wa zai iya zama shaida. Takardar filin ko ta rabon gado ita ma ta zama a hannu.

Ƙorafi a rubuce kuwa ba sai an faɗa ba: ɗaya ga Ma'aikatar Muhalli ta jiha, ɗaya ga ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, wadda ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan masana'antun fata da masaƙu a 2009, inda aka wajabta musu tace dagwalo kafin su sake shi. Ka karɓi kwafi mai hatimi. Amfanin wannan shi ne rahoton jami'an da za su zo dubawa, domin ya fi bakin mutum goma nauyi. Masana'antar da ke jiran dare ya raba kafin ta buɗe bututu ta san abin da take yi, kuma ba za ta so wannan ya shiga takardar hukuma ba.

Da sakamakon gwaji da wannan rahoto a hannu, shawarata ita ce ku nemi zama kafin kotu. Irin wannan shari'a tana iya cin shekaru, ga kuɗin masana, ga ɗage zama, ga ɗaukaka ƙara, kamfani kuwa yana da ƙarfin jira, kai ba ka da shi. Ku haɗu da sauran maƙwabtan da abin ya shafa, lauya ya rubuta wa kamfanin wasiƙa da wa'adi, a zauna gaban mai unguwa da dagaci, ko a cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Kano, inda za a iya mayar da yarjejeniyar ta zama hukuncin kotu. Abin da za ku nema a gaba shi ne a daina sako ruwan ba tacewa, a haƙa muku rijiyar burtsatse nesa da lambatun a gwada ruwanta, a ɗauki kuɗin magani, sannan a zo kan diyyar lambu. Idan sun ƙi, sai a tafi kotu a nemi umarnin dakatar da su tare da diyya.

Mai yiwuwa da zarar sun ji motsi su aiko wani da ambulan da takarda a ce ka sa hannu don zaman lafiya. Kada ka sa hannu a kan komai kafin sakamakon gwaji ya fito kuma lauya ya karanta maka, domin irin takardar nan kan ƙunshi layin da ke cewa ka yafe duk wani hakki na yanzu da na gaba. Idan kuɗin lauya ya gagara, ka tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ka ga ko za su karɓi batun. Ruwan rijiyar kuma daga yau kada a sha, kada a yi wa yara wanka da shi, amma kada ka cike ta, ita ce babbar shaidarka.