Amsa ga 'yar'uwar da za ta tafi Jamus da magenta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce nan da wata 2 za ki bi maigida Jamus, kina son tafiya da magenki, kuma an ba ki shawarar ki ba ta maganin barci ranar tafiya. Gaskiya wata 2 ba zai ishe ki ba, gara ki sani tun yanzu kafin ki sayi tikiti.

Ƙasashen Tarayyar Turai suna da tsari, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suke tsananta wa saboda ciwon haukan kare. Da farko likitan dabbobi zai saka mata maikurocif, 'yar na'ura ce kamar ƙwayar shinkafa da ake turawa ƙarƙashin fatar wuya, mai lamba 15. Bayan nan ne za a yi mata allurar rigakafin haukan kare. Ki kula da wannan jerin, domin idan allurar ta riga na'urar, ba za su karɓe ta ba, sai an sake. Kwana 30 bayan allura a ɗebi jininta a kai ɗakin gwajin da Turai ta amince da shi, wanda sau da yawa sai an tura ƙasar waje. Ko sakamako ya yi kyau, sai kin jira wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Kin ga wata 4 ke nan, ban da jiran takardu. Takardar lafiya kuma a ƙarshe ake yinta, cikin kwana 10 kafin ki sauka can, sannan ki nemi izinin fitar da dabba tun da wuri, don jami'an NAQS, hukumar da ke sa ido kan shige da ficen dabbobi da kayan gona a Najeriya, za su duba a filin jirgi. In lokaci ya ƙure, ki bar ta a hannun wanda kika yarda da shi, ta biyo ki daga baya.

Maganin barci kuwa, don Allah kada ki ba ta. Yana saukar da bugun jini, ga ta can sama, kuma mage mai maye ba ta iya tsayawa daidai idan jirgi ya girgiza. In tana da tsoro sosai, likita ne zai rubuta abin da zai kwantar mata da hankali, ki gwada a gida tukuna.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne sabo da jakar ɗaukar mage. Na ajiye ta a falo a buɗe, na shimfiɗa tsohon ɗankwalina a ciki, ina zuba wa magena abinci a bakin jakar, daga baya a can ciki. Ran da na ga ta shiga da kanta ta naɗe ta yi barci, sai na fara zuge zif ɗin, muna ɗan zagayawa a mota. Ki fara wannan yau, ba sai takardu sun fito ba.

Ki kira kamfanin jirgin ki yi mata rajista, domin dabbobin da ake bari a cikin fasinjoji ƙalilan ne a kowane jirgi. Turkish Airlines da Lufthansa suna karɓar mage a ƙarƙashin kujera idan ita da jakar ba su wuce kilo 8 ba. In 'yar Farisa ce mai shafaffen hanci, kada ki yarda ta tafi ɓangaren kaya, numfashi yana yi musu wuya.

Ranar tafiya ki janye abinci awa 4 zuwa 6 kafin tashi, amma ruwa kada ki hana ta. Ki shimfiɗa abin tsotse fitsari a jakar, ki riƙe wani na canji. Wajen bincike za a ce ki fito da ita don jakar ta bi ta na'ura, kuma nan ne mage ke kuɓucewa saboda hayaniya. Ki sa mata ɗamarar ƙirji da igiya tun daga gida, ki kuma roƙi jami'an su kai ku ɗaki mai ƙofa kafin ki buɗe.

Shekarunta nawa, kuma an taɓa yi mata allurar? Ki faɗa mini, sai mu lissafa ranar da za ta iya tashi. Allah Ya kai ku lafiya.